Gicciyen da Aka Ɗaura wa Sharifa

A rana ta goma sha tara da shigarta takaba aka cire wa Sharifa hijabi. Ba masu adduna ne suka cire mata ba. A tsakar gidan mijinta aka yi, da hantsi, a gindin mangwaro, kuma hannun da ya zare shi na 'Yargoggo ne, ƙanwar uban marigayin, tsohuwar da carbi ba ya barin yatsunta.

Ina tsaye a wurin. A watannin nan na farkon 2014 mun fasa katangun da ke tsakanin gidaje a Sankilo, unguwarmu ta Musulmi, don mutum ya iya shiga wurin maƙwabcinsa ba tare da ya taka titi ba. Ta wannan kafa na shigo neman garwashi, na tarar ana shawara.

An kewaye unguwa. Daga unguwar Yakité zuwa gaba samari masu adduna sun kafa shinge, kuma duk wanda suka ga tabon sallah a goshinsa, ko suka ji sunansa, ba ya dawowa da ƙafarsa. A nan aka tare Uwaisu, mijin Sharifa, aka dawo da shi a kan kura. Mai gidan, Alhaji Nasidi, yayan marigayin, yana da ciwon suga, allurarsa ta ƙare, kantunan magani na titin Koudoukou kuwa wasu a rufe, wasu an kwashe su har da kanta. A cikin mutum goma sha ɗaya da ke gidan, mutum ɗaya ce za ta iya ratsa shingen. Sharifa 'yar ƙasa ce, iyayenta Kiristoci, Blandine aka raɗa mata. Ta musulunta kafin ta auri Uwaisu, amma katin shaidarta har lokacin tsohon suna ne a kai, Sangonta kuma, wato yaren ƙasar, na wadda aka goya da shi ne, ba irin namu na kasuwa ba.

Ta ce tana takaba. Alhaji ya jawo Larabci ya ce lalura tana halatta abin da aka hana, kuma addinin nan sauƙi ne. Ta ce tana tsoro. Ya ce wanda ya ceci rai guda kamar ya ceci mutane ne baki ɗaya. Ba a bar shi a baya wurin aya ba, ko a lokacin.

'Yargoggo ta fito da zanen atamfa da riga mai guntun hannu, ta kuma fito da ƙaramin gicciye na ƙarfe da wata mai wanki ta bari ranar da ta gudu. Da kanta ta zura shi a zare, da kanta ta ƙulla shi a bayan wuyan Sharifa, ta ja ƙullin da haƙori.

"A wuya ne kawai, 'yar nan," in ji ta. "Allah zuciya yake dubawa."

Abu ɗaya Sharifa ta roƙa, kada 'yarta ta gan ta a haka. Amira tana da shekara takwas, ita kaɗai Allah ya ba su. Aka sa yarinyar a ɗaki aka jawo ƙofa.

Ta dawo ana kiran azahar, da allura cikin ƙanƙara, da garin rogo, da ganyen miyar da ake kira koko, da gawayi a ka. Gida ya rikice da sa albarka. Alhaji ya yi raha, ya ce a ba Madam Blandine hanya, aka yi dariya, ita ma ta yi yaƙe. Ta cire kayan a bayan ƙofa, ta yi wanka, ta mayar da hijabinta, ta yi sallah, sannan aka buɗe wa Amira.

Abin da aka ce sau ɗaya ne ya koma sau biyu a mako, ya koma kullum. Maƙwabta suka ji, suka fara aiko da nasu saƙon ta kafar katanga. Wannan na son sabulu, waccan na son madarar jariri. Ni ma na kai tawa takardar. Matata Rahama tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, kuma maganinta sai can cikin gari. Sharifa ta karɓi takardar ta naɗe ta a bakin zane, ta ce, "Allah ya ba Yaya lafiya, Malam." Ba ta taɓa dawowa babu maganin ba.

Sunan raha shi ya fara zama. Yaran gida suka koma kiranta Madam. Matar Alhaji ta daina cewa Maman Amira. Sai wata safiya aka ga 'Yargoggo ta ware mata buta da kofi. Da aka tambaya, ta ce ba wani abu ba ne, tsafta ce, wanda ke yawo cikin mutanen can ba a san abin da yake taɓawa ba. Kayan miyar da hannun nan ya ɗauko daga wurin mutanen can dai ba a ware su ba.

A mako na biyar aka gane ta. Wata da suka yi firamare tare tana sayar da gyaɗa kusa da shingen, ta nuna ta da baki ta ce matar Arabo ce, sunan da suke kiranmu da shi duka, Bahaushe da Bafillace da wanda kakansa ya sha ruwan kogin Ubangi. Samarin suka zaunar da ita a ƙasa. Suka ce ta karanta addu'ar coci. Ta karanta, don abin da aka koya wa mutum yana yaro ba ya fita. Suka ce wannan ko aku zai iya. Aka kawo kangoya, giyar kwakwa, a gwangwani, aka ɗora mata adda a kafaɗa har sai da ta shanye. Sannan suka ba ta bayan addar sau uku a gadon baya, wai don ta tuna gida, suka sake ta.

Kuskurenta ɗaya. Da ta dawo, ta faɗi gaskiya. Tana kuka, tana kurkure baki a bakin rijiya, tana tambayar Alhaji ko sallarta za ta karɓu.

Alhaji ya ce shi dai ba ya yanke hukunci, amma akwai bayin Allah da aka gasa su a rana ba su furta ba. Ya faɗi haka yana zaune a kan kujera, da allurar da ta kawo a hannunsa. 'Yargoggo ta shafa mata man kaɗanya a baya, tsakani da Allah ta shafa, tana shafawa tana tambayar ko an samo sirinji. Daga ranar aka ɗauke mata girki. Washegari da hantsi aka miƙo mata atamfar. Da ta ce an riga an san fuskarta, aka ce ta bi ta Kokoro, hanya ba ɗaya ba ce.

Ta rame. Ta daina zama cikin mata. Idan ta dawo sai ta ja Amira zuwa ɗakinta, ta tsefe mata kai ta sake kitsa shi, ko da jiya aka yi kitson. Wani lokaci ina jin su ta katanga, yarinyar tana biya mata karatun allo, uwar tana gyara mata.

A waje kuma wata magana ta tashi. Samarin unguwarmu, waɗanda suka ɗauki bindiga don tsaronmu har muka koma tsoronsu, suka fara tambayar yadda aka yi mace ɗaya ke fita kullum ta dawo da rai. Me take ba su? Me take gaya musu? Babbansu ya zo ƙofar gida ya tambayi Alhaji. Kalma uku za su isa: ni nake aikenta. Abin da Alhaji ya ce shi ne su ma suna lura da ita.

Rahama ta rasu a ƙarshen Fabrairu. Ba hanyar zuwa maƙabarta, don haka a tsakar gidana muka haƙa mata. Matan da suka iya wankan gawa duk sun tafi a motocin farko da suka kwashi masu gudun hijira. Sharifa ce ta shigo ta kafar katanga da ruwan ɗumi da ganyen magarya, ta ce ta koya a Islamiyya. Ita ta wanke ta, ita ta suturta ta. Da ta fito ta ce mini, "An gama, Malam. Ta yi kyau."

Kwana shida bayan haka aka aiko kirana zauren Alhaji. Ya sami wuri a motar kaya, cikin ayarin da zai nufi iyakar Kamaru, daga can su wuce Maraɗi wurin dangi. A zauren akwai shi, da limamin masallacin layinmu, da dattawa biyu, da ni. Mata suna bayan ƙofa.

Alhaji ya ce wuri goma ya samu. Ya ce Sharifa 'yar ƙasa ce, ba mai taɓa ta, ga gida yana son mai tsaro, ga kabarin Uwaisu a bayan ɗaki bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Amira kuwa jininsu ce, ba za a bar ta a bakin wuta ba. Liman ya yi gyaran murya ya ce a shari'a yarinya ƙarama tana hannun uwarta, inda uwa ta je nan za ta je, sai fa idan uwar ta bar addini. Ban san ko da gangan ya faɗi ƙarshen ba. Shi ma yana cikin masu neman wuri a motar.

Alhaji ya ce bai so a kai ga nan ba. Ya ce macen da ta fita tana takaba, kai ba ɗankwali, ta yi addu'ar coci da bakinta, ta sha giya, shi ba zai kira ta da wani suna ba, amma ba zai ɗora mata amanar 'yar ƙaninsa ba. Sannan ya juyo wurina.

"Malam, kai mai karatu ne, kowa ya san ba ka ƙarya. Ka gan ta da gicciye a wuya ko ba ka gan ta ba?"

Na ce na gani.

Na zauna ina jiran tambaya ta biyu, a ce wa ya ɗaura mata. Ba wanda ya yi ta. Ba sai an tambaye ni ba, na sani, baki nawa ne. Amma kwana shida ke nan daga gidan Alhaji ake kawo mini abinci, kuma a ƙofar zauren akwai biyu daga cikin samarin nan, bindiga a cinya, suna sauraro. Na karanta littattafai masu yawa a kan masu shaidar zur. Ban taɓa cin karo da babin wanda ya faɗi gaskiya daidai gwargwadon da za ta yi kisa, ya tsaya a nan ba.

Daga bayan ƙofa muryar Sharifa ta fito, a hankali.

"Goggo ce ta ɗaura mini."

"Ni na ɗaura zare," in ji 'Yargoggo. "Ni na koya miki addu'arsu? Ni na ɗura miki giya? Tuwon da aka yi da tsohuwar tukunya ai sai ya yi warinta."

Liman ya ce Allah ne masanin gaibu, amma a bar yarinya wurin dangin uba har hankali ya kwanta. Aka shafa fatiha.

Sharifa ba ta yi rigima ba. Ta bi Alhaji tsakar gida ta durƙusa. Ta ce ba ta neman wurin zama, za ta tsaya da ƙafa har Kamaru, za ta hau kan kaya, za ta ɗauki Amira a cinya su zama mutum ɗaya. Alhaji ya ce zai duba. Ya ce motar sai jibi, akwai lokaci, amma gobe ta daure ta fita sau ɗaya na ƙarshe, ta samo masa allurar da za ta kai shi hanya. Ta ɗauki wannan a matsayin alkawari. Ta yi masa godiya.

Da safe ta sa atamfar a bayan ƙofa kamar kullum. Amma ran nan ba a sa Amira a ɗaki ba. Sharifa ta fito tsakar gida kai a buɗe, ta tarar da yarinyar tsaye a gaban 'Yargoggo, tsohuwar ta dafa kafaɗunta biyu.

"Dubi uwarki da kyau," in ji ta. "Kar wata rana a ce miki ƙage ne."

Sharifa ta kai hannu ta rufe ƙirjinta. Ta fara magana da Hausa, ta koma Sango, babu wadda ta fita. Amira ta kalli wuyan uwarta, ta kalli ƙasa. Matar Alhaji ta ce rana na yi. Sharifa ta ce wa yarinyar in ta dawo za ta yi mata bayani, ta fita.

Ko awa guda ba a yi ba motar ta tsaya a bakin layi. An riga an ɗaure kaya tun jiya, an ɓoye su a shagon Alhaji. Amira ta tambayi ina Mama, aka ce za ta biyo baya. Ni na miƙa wa yaron mota buhun tukwanensu. Wannan ma ya shiga cikin abin da na yi.

Bayan azahar ta dawo. Ƙofar gidan a buɗe, tabarmi babu, igiyar shanya babu komai a kai. Ta shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ta fito, ta tarar da ni a kafar katanga. Ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa mata. Ta tambaye ni ko an sa wa Amira rigar sanyi, don tana da tari. Na ce ban lura ba. Ta tsaya da ƙullin allurar a hannu, ruwan ƙanƙara yana ɗiga a ƙafarta. Can sai ta je ta ajiye shi a gindin randa, inda ake ajiyewa don kada zafi ya lalata shi.

Bayan mako biyu ta gwada zuwa wurin yayanta a can ƙetaren shinge. Matarsa ta tare ta a ƙofa, ta ce suna da yara, ba za a ƙone musu gida saboda matar Arabo ba. Ta dawo Sankilo. A nan kuma shekara biyu mata ba sa tsayawa kusa da ita a sahu, kuma idan harsashi ya faɗo a layinmu, gidanta ake kallo.

Alhaji Nasidi ya dawo bayan shekara uku, shi kaɗai, ya bar iyali a Maraɗi. Ya sami gidansa ko kwano ɗaya na rufi ba a cire ba, abin da ba kowa ya samu ba. Ya sake buɗe shagonsa a Koudoukou. Yanzu idan baƙi suka zo daga ƙungiyoyi suna son jin halin da Musulmi ke ciki, shi ake turawa, don Faransancinsa yana da kyau. Yana gaya musu yadda ake kiran mutum baƙo a ƙasar da aka binne cibiyarsa, yadda ake duban sunanka kafin a dubi fuskarka, yadda ake neman ka kawo takardar kakanka kafin a ba ka kati. Na sha zama ina saurarensa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Sai ya tashi ya koma gida, Sharifa ta kawo masa tuwo, don yanzu girkinta ya halatta tunda babu wata mai yi. Ya mayar da ita ɗakin ajiya na bayan gida, ya ba da nata haya. Yana cewa don Allah yake riƙe da ita. Idan ta tambayi Amira, sai ya ce tana karatu, kada a raba mata hankali. Daga baya ya koma cewa an yi mata aure, sai da izinin miji.

A bana na sami lambar Amira ta hannun wani ɗan kasuwa da ke kawo albasa daga Maraɗi. Na kira Sharifa bayan la'asar, ta zauna a bencin ƙofar ɗakina, ta gyara hijabi kamar za a gan ta. Ta ce ni in fara magana.

Amira ta gane ni. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi mini gaisuwar Rahama, bayan shekara goma sha ɗaya. Ta ce 'Yargoggo ta rasu bara. Na yi mata ta'aziyya, sannan na faɗa mata komai, daga gindin mangwaro har zuwa zaure, har da abin da na ce da abin da ban ce ba.

"Baba," in ji ta, "ni fa da idona na gani. Goggo ita ta raine ni, kuma tana kabari, ba zan zauna a ci namanta ba. Ka gaya wa matar ina yi mata addu'ar shiriya."

Ta kashe.

Na ce wa Sharifa layin ne ba shi da kyau, amma tana gaishe ta, ta ce za ta kira.

"Malam, wayarka tana da ƙara," in ji ta.

Muka zauna. Wani ɗan babur ya wuce da buhun gawayi. Can ta ce muryar ta zama ta babbar mace, kuma ba ta ji tari a ciki ba. Ta ce kada in goge lambar. Ta ce wani lokaci in sake kira, in yi ta yi mata hirar komai, farashin albasa, ruwan sama, kada in ce tana kusa, kada in ƙara ambatonta.

"Ka bar ta ta yi magana kawai."

Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan la'asar takan zo ta zauna a bencin. Ni kuma in danna lambar, in ƙure ƙarar, in ajiye wayar a tsakaninmu. Wayar tana ta kuka a can Maraɗi, ba mai ɗauka, har ta gaji ta yanke. Sharifa takan jira kaɗan, ta ce wataƙila tana girki, in sake gwadawa sau ɗaya.